Me ya sa mutane ke ficewa daga gurup ɗin shagona?

Hajiya, kin ce kin buɗe wa masu sayen atamfarki a Garwa ta ƙasar Kamaru gurup na WhatsApp, amma kullum sai ficewa suke yi. Galibi matsalar daga tushe take: zuba lambobin mutane ba da izininsu ba. Tura musu mahaɗin shiga, mai so ya shigo da ƙafarsa.

Sai batun hotuna. Wayoyi da yawa da kansu suke sauke hoto, don haka hoto talatin a dare ɗaya ya cinye data, ya cika waya. Biyar sun isa a rana, kowanne da farashin turmi a sefa rubuce a ƙasansa. Sauran ki jera su a katalog, wato shafin jera kaya na manhajar 'yan kasuwa ta WhatsApp Business. Ɓoye farashi sai an biyo ki a keɓe yana korar mai saye, ba ya jawo shi.

Kada ki bar gurup ba mai gadi. 'Yan damfara kan kwashi lambobi daga ciki, su ɗora hoton shagonki, su nemi kuɗi ta hanyoyin tura kuɗi a waya, Orange Money ko MoMo. Kunna amincewar admin kafin a shiga, ki rubuta lambar biya guda ɗaya tak a bayanin gurup.

Sanarwar sabon kaya kuwa, ki yi ta da murya, Hausa da Fillanci, ba rubutun Faransanci kaɗai ba.