Kan Babur Ɗina Yana Karkarwa

Tambaya: Ina da tsohuwar Honda CG 125 wadda kanta ke karkarwa idan na ƙara gudu. Shin in sa mata damfa, wato ƙaramin shokozoba mai riƙe sitiyari? Mai karatu daga Funtuwa.

Amsa: Malam, kada ka yi gaggawa, domin damfa tana danne karkarwar ne kawai, ba ta magance musabbabinta. Ka ɗaga tayar gaba, ka juya kan babur ɗin a hankali. Idan ka ji yana cijewa a tsakiya, boris ɗin wuya ya cinye. A duba iskar taya, da sifoka, da daidaiton wili. In karkarwar ta ci gaba, makaniki ya ɗaura damfar a kan firam, ya tabbatar kan yana juyawa har ƙarshe ta kowane ɓangare.