Me Ya Sa Finafinan Lalacewar Duniya Ba Sa Tsufa?

Tambaya: Malam, me ya sa finafinan da ke hasashen lalacewar duniya ba sa gundurar mutane, har kiɗansu ma ake saurara? Daga mai karatu a Fagge, Kano.

Amsa: Ɗan'uwa, tsoron da suke nunawa na yau ne, sai dai an jingina shi ga gobe. Fim ɗin Blade Runner na 1982 ya kwatanta Los Anjeles ta 2019 cikin duhu da cunkoso, kuma duk wanda ya ratsa Sabon Gari da magariba, hayaƙin Adaidaita Sahu ya turnuƙe, ba zai ga baƙon abu ba. Kiɗan kuwa, Vangelis, wani makaɗi ɗan ƙasar Girka, ya tsara shi da na'urar sauti ta lantarki, yana tafiya a hankali, shi ya sa yake ratsa zuciya ko babu hoto.