Lambun gida a Madina: amsa ga ƙaninmu mai zuwa karatu

Ƙaninmu, Allah ya sa albarka a gurbin da ka samu a Jami'ar Musulunci ta Madina. Ka tambaya ko za ka iya shuka kayan miya a gidan da za ku kama kai da iyali, ka ce ka karanta a intanet cewa a watan Maris ake farawa. Wannan jadawalin Turai ne. A nan, tumatirin da ka dasa a Maris yana fara fure zafi ya riske shi, kuma da rana ta wuce digiri 35 furen zubewa yake yi ba ya ɗaure 'ya'ya. Daga Yuni zuwa Agusta kuwa ana haura 40.

Ka ɗauke shi kamar noman rani a Kura ko Kadawa: da sanyi ake yinsa. Ka yi renon tumatir da tattasai a inuwa a farkon Satumba, bayan mako 4 zuwa 6 ka dasa a Oktoba. Latas, karas da jarjir (wani ganyen salak ne) ka shuka su kai tsaye daga Oktoba zuwa Disamba. Tumatir zai fara nuna bayan wata biyu zuwa uku da dashe.

Kowane tumatir bokiti ɗaya mai lita 20, ka huda gindinsa wuri biyar ko shida. Ka haɗa ƙasar buhu da ake sayarwa a mashtal, wato inda ake sayar da tsirrai, kashi biyu, rairayi kashi ɗaya, takin dabba da ya ruɓe sosai kashi ɗaya. Ɗanyen taki ƙona saiwa yake. Iri ma ka saya nan, don shigo da tsiro ko ƙasa ta filin jirgi sai da izini.

Abin da ya fi kashe lambu a nan gishirin ruwa ne. Za ka ga farin ɓawo ya taru a bakin bokiti, gefen ganye ya bushe kamar an babbaka. Duk mako biyu ko uku ka kwarara ruwa da yawa har ya zubo ta ƙasa ya wanke gishirin. Ban ruwa kuma da sassafe, kullum daidai gwargwado. Yau ƙishi gobe ambaliya shi ke sa gindin tumatir baƙi ya ruɓe. Ka riƙa leƙa bayan ganye saboda farin ƙuda, shi ke kawo cutar nannaɗewar ganye, kuma wanda ya kamu sai dai a tuge.

Maris na kuɓewa ne, da lalo (mulukiya suke ce masa), rama da alayyahu. Ka jiƙa irin kuɓewa ya kwana, cikin wata biyu ka fara tsinka. Idan a saman bene ne, ka ɗage bokitin kan katako, ka ɗaura ragar inuwa mai tare rabin rana daga Mayu. In kuma za ku tafi gida dogon hutu babu mai ban ruwa, ka girbe kafin tafiya, ka sake reno in kun dawo.