Sabuwar Unguwa da Karen Gadi

Tambaya: Na tashi daga Mabera na koma Arkilla a Sakkwato tare da iyalina da karen da ke mana gadi, amma tun zuwanmu yake kwana yana haushi, har maƙwabta sun soma yi mini wani irin kallo. Yaya zan yi?

Amsa: Malam, ka fara da mutane kafin karen. Ka je ka gaida mai unguwa da maƙwabtan da kuka haɗa katanga, ka shaida musu cewa don gadi kake riƙe shi, kuma ba zai riƙa fita ba, domin abin da ya fi damun jama'a shi ne ya bi yara 'yan makarantar allo ko ya tare masu zuwa masallaci da asuba.

Haushin kuwa na baƙunta ne, kuma yakan ragu idan ka ajiye masa tsohuwar shimfiɗarsa da kwanonsa a wuri guda, kana ba shi abinci a kan lokaci. Kada ka ɗaure shi a rana, musamman a watannin Afrilu da Mayu da zafin Sakkwato kan wuce digiri 40. Ya samu inuwa da ruwa kullum.

Ka kai shi asibitin koyarwa na dabbobi na Jami'ar Usmanu Danfodiyo a yi masa allurar rigakafin ciwon haukan kare, wadda ake sabuntawa duk shekara, ka kuma adana takardar. Idan ya ciji wani, a wanke wurin da sabulu da ruwa na minti 15, sannan a garzaya asibiti nan take.