Hukuncin Gaggauta Amincewa da Maganin Cuta Mai Kisa

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ni mazaunin Ƙofar Marusa ne a Katsina. 'Yata tana fama da sikila, duk hunturu sai mun kwana asibiti. Na ji a wasu ƙasashe akwai dokar da ke ba da damar amincewa da sabon magani tun ba a gama gwada shi ba, muddin cutar mai kisa ce. Shin Musulunci ya yarda da irin wannan doka? In maganin ya iso mana, in ba ta, ko jefa ta cikin halaka ne?

Amsa: Wa alaikumus salam. Allah Ya ba yarinya lafiya, ku kuma Ya ba ku ladan jinya.

Dokar halas ce, bisa sharaɗi. Annabi (SAW) ya umarce mu da neman magani, ya ce Allah bai sanya wata cuta ba face ya sanya mata magani, in ban da tsufa, kamar yadda Abu Dawud da Tirmizi suka ruwaito. Malaman fiƙihu kuma sun ce duk abin da shugaba zai zartar a kan talakawansa a rataye yake da maslaharsu. To idan takardun magani suna kwance a ofis wata da watanni, majinyata kuwa ana ta kai su makwanci, wannan jinkirin ma cutarwa ne, ya shiga cikin hadisin Muwaɗɗa: ba cuta, ba cutarwa.

Amurka ta buɗe wannan hanya a 1992, lokacin da ƙanjamau ke ɗibar rayuka. Ana amincewa da magani ne bisa wata alama da aka gani a jini ko a jiki mai nuna zai yi amfani, sannan a wajabta wa kamfanin ci gaba da gwaji. A shari'a wannan shi ne aiki da rinjayen zato, kuma dama sha'anin magani a kansa aka gina shi, ba a kan yaƙini ba.

Amma zato yana kuskure, kuma a kan cutar 'yarka ma an gani. A 2019 aka amince da Oxbryta, maganin sikila, ta wannan gajeriyar hanya, saboda yana ƙara jini. A watan Satumba na 2024 kamfaninsa ya janye shi daga duniya baki ɗaya, bayan bayanai sun nuna haɗarinsa ya rinjayi amfaninsa. Don haka nake cewa dokar da ba ta tanadi bibiya da ikon janye magani nan take ba, ba ta cika sharaɗin halasci ba. Lalura gwargwadonta ake auna ta. A rage zaman jira na ofis, amma kada a taɓa binciken da ke gano ko abin yana kisa. Kuma a taƙaita dokar ga cutar da ke barazana ga rai, wadda ba ta da wani gamsasshen magani.

Sharaɗin da ya fi damuna shi ne yarda. Mu nan Arewa ba mu manta Kano ta 1996 ba, lokacin annobar sanƙarau, da aka yi gwajin wani magani mai suna Trovan da yara kusan 200, 11 daga cikinsu suka rasu, iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Wannan tabo na cikin abin da ya sa mutane suka guji allurar shan inna a 2003, wasu yaran suka nakasa a banza. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Jidda a 1992, ta yanke cewa binciken likitanci sai da yardar baligi mai hankali, ba tilas, ba kwaɗaitar da matalauci da kuɗi. Yardar da aka karɓa da takardar Turanci daga uban da ba ya karanta ta, ba yarda ba ce. A yi masa bayani da Hausa, har da abin da ba a sani ba tukuna.

Game da 'yarka, a bambance gwaji da jinya. Majalisar nan ta hana yin bincike a kan ƙaramin yaro ko da waliyyinsa ya amince. Amma maganin da hukumar NAFDAC ta yi wa rajista, likitan jini amintacce ya duba yarinyar ya ga amfaninsa gare ta ya fi haɗarin, ya kuma gaya maka ta gajeriyar hanya aka amince da shi, ya halatta ka ba ta. Ayar Baƙara da ta hana jefa kai cikin halaka ba ta hau kanka ba, ko da sakamakon bai zo yadda ake so ba. In ka ƙi saboda tsoron illa, nan ma ba ka yi zunubi ba.

Wanda kuwa zai kawo maka kwalba daga waje ba rajista, ya ce sabon fitowa ne, kada ka karɓa. Wanda ya yi likitanci ba da sani ba, Annabi (SAW) ya ɗora masa lamunin ɓarnar da ya yi. Kuma kada jiran sabo ya sa ka saki maganin da likitanta ya ɗora ta a kai yanzu.

Wallahu a'alam.