Tambaya da Amsa: Me ake nufi da "bugun ƙirji"?

Tambaya: Malam, ƙungiyar unguwarmu a Tudun Wadan Zariya ta ci wasan ƙwallo, muna ta murna, sai wani dattijo ya ce mu rage bugun ƙirji. Shin daidai yake da cika baki?

Amsa: Suna kusa, amma ba ɗaya ba ne. Asalin maganar daga jiki take. Ka duba ɗan dambe idan ya yi kisa, wato ya sa abokin karawarsa ya taɓa ƙasa: zai zagaya fili yana dukan ƙirjinsa yana kirari, makaɗa na zuga shi. Daga irin wannan dukan ƙirji aka ɗauko ta, ta zama nuna kai da cewa "ni ne na yi".

Cika baki yawanci kafin aiki ake yinsa. Wanda ya ce zai ci ku 3 da nema alhali ba a take wasa ba, baki ya cika, kuma yana iya jin kunya. Bugun ƙirji irin naku kuwa bayan an ci ne, akwai abin nunawa a hannu. Shi ya sa ba kullum yake zama zargi ba. Idan aka ce "wannan abin bugun ƙirji ne ga Zazzagawa", yabo ne, kamar a ce abin tinƙaho. Sai an haɗa shi da "rage" ko "daina", kamar yadda dattijon ya yi, sannan ya koma tsawatarwa.

Akwai wata ma'ana da ake yawan mantawa. "Ya bugi ƙirji ya ce zai biya kuɗin" ba alfahari ba ne ko kaɗan, ɗaukar nauyi ne da ƙarfin hali, kuma kafin aiki yake zuwa. Abin da ya biyo baya ke rarrabewa: in alkawari ne, jarumta ce, in labarin nasara ne, fankama ce ko tinƙaho.

Kura-kurai biyu ake yi. Wasu kan ce "ihu bayan hari" suna nufin murnar cin nasara, alhali wannan yunƙuri ne bayan lokaci ya ƙure, ɓarna ta riga ta auku. Sannan "ƙirjina na bugawa" tsoro ne ko fargaba, kada ka faɗe shi a wurin murna.