Amsa: Sayen gida a Garwa ta ƙasar Kamaru, da damina ko da rani?

Ɗan'uwa, ka tambayi lokacin sayen gida da kuɗin gyaran tsakar gida. Ka je ganin gidan a watan Agusta, lokacin da ruwa ke sauka sosai. Da rani kowane gida lafiya yake, damina ce ke tona asiri: inda rufi ke yoyo, inda ruwa ke kwanciya, musamman unguwannin gaɓar Binuwai.

Na saya da rani, na yi nadama. Kuɗin da na ware don shuka duk ya tafi a cikon ƙasa da magudanar ruwa.

Ciyawar ado kuwa, ka bar ta. Zafin Maris da Afrilu ƙone ta yake, sai ka riƙa sayen ruwa kullum. Dasa darbejiya da mangwaro farkon damina, sauran filin ka zuba tsakuwa. Kuma kada ka ba da ko sefa ɗaya kafin ka ga takardar mallakar filin.